Mai Gwada Jiniya

Sunana Valdesir. Shekara tara
aikina ɗaya ne a kamfanin haƙar tama:
Talatar farkon wata, ƙarfe goma,
in buɗe akwati, in murɗa mabuɗi,
jiniya ta tsaga kwarinmu gida biyu.

Karnuka su amsa, yara su toshe kunne suna dariya.
Tsohuwa Zulmira da ni take saita agogonta.
Limamin coci ya ce na fi ƙararrawarsa cika alkawari.
Sai in rubuta a littafi: lafiya lau.
Sau ɗari da takwas na rubuta lafiya lau.

Can bisa kanmu madatsar ke zaune,
ba ta ruwa ba,
ta abin da injina suka tauna suka tofar,
jar laka, tsayin bene ashirin,
an lulluɓe mata fuska da ciyawa har shanu na kiwo a kai.
Injiniyoyi kan zo daga birni da fararen huluna,
su kara mata na'ura kamar likita a ƙirjin mai tari,
su sa hannu,
su ci wake da shinkafar da ƙanwata Neuza ta dafa,
su yaba, su koma.

Ba Talata ba ce.
Alhamis ce, ina hutu,
ina tsinkar kofi a gangaren surukina,
mabuɗin yana aljihun wandona.

Na zaci jirgin ƙasa ne.
Amma jirgi ba ya tafiya da bishiyoyi a tsaye.
Ba ya ɗaukar gada a kafaɗa.
Na ga motar daukar dutse, mai taya ya fi ni tsawo,
tana juyi kamar ɓawon gyaɗa a kwata.
Na ruga. Ina zan je?
Turken jiniyar a gindin madatsa aka kafa shi,
shi laka ta fara haɗiyewa,
ko tari bai yi ba.

Na tsaya na buɗe bakina.
Ni na zama jiniyar.
Muryar mutum ɗaya, a kan tudu, iska na kaɗa ta baya.

Kafin tukunya ta tafasa an gama.
Babu kicin, babu makaranta, babu layin Zulmira,
sai ja, ja, ja, shimfiɗe har inda ido ya gaji,
da wata saniya da ta nutse zuwa wuya
tana kallon jirgi mai saukar ungulu.

'Yan kwana-kwana suka shiga da rarrafe,
ciki a ƙasa, kamar masu neman gafara,
suna soka sanda, suna ba kare ya shinshina.
Kwana arba'in da ɗaya
kafin su kira ni.
Ba su ce in duba fuska ba.
Jinina suka ɗiba, suka gwada,
suka ba ni akwati wanda yaro zai iya ɗauka,
suka ce Neuza ce.

Kamfani ya aiko da ruwan gora,
da lauya mai taushin murya,
da takarda mai shafi sittin.
A shafi na tara akwai rubutuna:
lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau.
Ban yi ƙarya ba.
Jiniyar lafiyarta ƙalau.
Ita kaɗai aka ce in tambaya.

Yanzu sun kafa sabuwa a kan tudu,
da hasken rana take aiki,
tana magana da muryar mace, cikin ladabi:
ku kwantar da hankali, gwaji ne.
Talatar farkon wata takan faɗa wa kwarin haka.
Ciyawa ta fara tsirowa a kan lakar.
Ba kare ko ɗaya da ke amsawa.

Mabuɗin yana nan.
Matata Iyolanda ta ce in jefar.
Nakan sa shi a aljihu in zan fita,
ban san me zai buɗe ba.